Madarar gwangwani ta jarirai da burbushin nukiliya: ina iyakar?

Maman Biyu, Tudun Wada, Gombe: Salamu alaikum. Wani saƙon murya na yawo a WhatsApp, wai madarar gwangwani ta jarirai na ɗauke da burbushin nukiliya. Akwai adadin da aka yarda da shi? Tafasawa na kashe shi?

Malamin Kimiyya, Yelwa, Bauchi: Wa'alaikumus salam, Maman Biyu. Da bekarel, wato ma'aunin ƙarfin tururin nukiliya (radiation) da burbushin ke fitarwa, ake auna shi, a kowane kilo. Kowace madara na da fotasiyam-40, nau'in fotasiyam mai fitar da wannan tururi, tun asalinta, kusan bekarel 50 a litar nonon saniya, kuma wannan ba abin damuwa ba ne, domin jiki na daidaita fotasiyam ɗinsa. Abin tsoro shi ne wanda haɗarin tashar nukiliya ke watsawa. Bayan haɗarin tashar Chernobyl a Ukraine a 1986, aidin-131 ya sauka kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha nonon, ya taru a ƙullin thyroid da ke maƙoshinsu, daga baya sankarar thyroid ta yawaita.

Ƙa'idar Codex, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, ga abincin jarirai: siziyam-137 kada ya wuce bekarel 1,000 a kilo, aidin-131 da sitironshiyam-90 kada su wuce 100, fulutoniyam 1 tak. Da madarar da aka dama ake lissafi, ba garin ba. Japan ta tsaurara tata a 2012 bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima: siziyam 50 kawai.

Tafasawa ba ta taɓa burbushin. Sai dai lokaci: aidin-131 na raguwa da rabi duk kwana 8, siziyam-137 kuwa sai shekara 30.

Ɗan Lab, Bauchi: Ƙari kan bayanin Malam: 'yar na'urar hannu da ake karawa jikin gwangwani ba za ta nuna komai ba, tururin nukiliyar da ke cikin ƙasa da bango ya fi ƙarfin na madarar. Sai a zuba samfur a mazubi, a rufe cikin akwatin dalma mai kauri, na'urar auna tururin gamma ta yi awanni tana ƙirga. Sitironshiyam ma ba ya fita a nan, sai an tace shi da sinadarai. Hajiya, ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ki guji wadda ake aunawa a leda.

Nas, Pantami: 'Yar'uwa, ruwa ya fi damuna. Garin madara kan ɗauki ƙwayar cuta ko da gwangwanin a rufe yake. Ki tafasa ruwa, kada ya huce fiye da minti 30 don zafinsa ya tsaya kan digiri 70, ki dama, sannan ki sanyaya. Wadda ta yi awa 2 a ajiye, zubarwa ake yi. In kin fara ba su kunun gyada bayan wata shida, ki tsince duk gyadar da ta yi funfuna ko ta motse, gubarta na cin hanta kuma suya ba ta kashe ta.