Taƙaitawa: tafiyar jarumi a labaran baraden Turai

Jama'a, ga abin da na tattaro daga wata doguwar muhawara da aka yi kan labaran baraden Sarki Arthur, sarkin nan na tatsuniyoyin Birtaniya.

1. Kusan kowa ya yarda da ƙashin bayan labaran: barde ya bar fada, ya shiga daji shi kaɗai, ya sha jarrabawa, ya dawo ba yadda ya fita ba.

2. Mai son farawa, aka ce ya soma da labarin Gawain da Koren Barde, waƙar Ingila ta ƙarshen ƙarni na 14. Gawain, ɗaya daga baraden Arthur, ya sare kan Koren Barden da ya zo baƙunta yana ƙalubalantar su a gaban fada, baƙon ya sunkuya ya ɗauki kansa, ya ce su haɗu bayan shekara da kwana ɗaya. Da yawa sun ce jarrabawar gaske ba a bakin gatari take ba, a masaukin da Gawain ya sauka a hanya take, inda don tsoron mutuwa ya ɓoye wa maigidan koriyar ɗamarar kariya da uwargidan ta ba shi, alhali ya yi alkawarin miƙa masa duk abin da ya samu.

3. Inda aka rabu shi ne tsarin tafiyar jarumi (fita, jarrabawa, dawowa) da masanin tatsuniyoyi Joseph Campbell ya zayyana a 1949. Wasu na ganin ya dace da kowane barde. Wasu suka ce tilas ake yi masa: barde Perceval, a labarin marubucin Faransa Chrétien de Troyes, ya ga abin al'ajabi a gidan sarki mai rauni, ya ja bakinsa bai tambaya ba, marubucin kuma bai kammala labarin ba. Ina dawowar take? Ni dai na fi karkata ga wannan ra'ayi na biyu.

4. Littafin Thomas Malory na 1485 kuwa, wanda ya tattara labaran Arthur da baradensa, aka ce a bar shi sai ƙarshe, tsawonsa na gajiyar da sabon shiga.