Jinyar mahaifiyata ta fara taɓa lafiyata, ina neman shawara

'Yar Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki tun kafin azumin bara, kuma da yake ni ce 'ya mace da ke kusa, jinya ta dawo kaina gaba ɗaya, tun daga wanka da ba da abinci har juya ta cikin dare. Yayyena maza suna biyan kuɗin magani da na motar da ke kai mu gashi asibitin Shika, Allah ya saka musu da alheri, amma babu mai kwana a cikinsu. Yanzu bayana ya ƙage, barci ya ƙaurace mini, har na fara yi wa yara tsawa ba gaira ba dalili. Ina jin nauyin in ce na gaji, kada a ce na kasa da uwa. Yaya zan yi?

Ma'aikaciyar jinya, Samaru:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya ba ki lada. Ciwon bayan nan galibi daga ɗagawa yake, saboda haka ki daina cicciɓar ta ke kaɗai. A shimfiɗa zani mai ƙwari a ƙarƙashinta daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe da gefe su ja, kuma idan za ki sunkuya ki lanƙwasa gwiwa, kada ki karya ƙugu. Masu gashin za su nuna miki idan kin tambaye su. Wanda ba ya iya motsawa da kansa ana juya shi kusan duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito, to ta yaya mutum ɗaya zai yi wannan dare da rana? Ki kuma riƙa auna jininki ranar da kuka je asibiti, tunda hawan jini yana bin dangi. Idan ya yi ta kai 140/90 ko fiye, ki ga likita.

Dattijo daga Ƙofar Doka:
'Yata, faɗin gajiya ba saɓa wa iyaye ba ne. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, kuma Annabi (SAW) ya gaskata shi. Ki tara yayyenki cikin ladabi ku raba kwana, domin haƙƙin uwa yana kansu kamar yadda yake kanki, kuma kuɗi ba ya sauke shi duka. Ɗa namiji zai iya ba uwarsa abinci, ya juya ta, ya kwana a ɗakin. Masu zuwa dubiya da lemo da ayaba kuwa, wadda kika saba da ita ki roƙe ta ta zauna da Hajiya ki samu ki runtsa.

Uwargida daga Sabon Gari:
Na yarda da Baba, sai dai a kula kada yayyen su tura matansu a madadinsu ba da son ransu ba, don daga nan ake samun gutsiri-tsoma. Idan ba za su iya kwana ba, su haɗa kuɗi a ɗauki mace mai amana ta riƙa kama miki aikin dare.