Wasiƙar Fabrairu 1691: wace shekara ce ainihinta?

Jama'a, don Allah ku taimaka mini. Ina nazarin wasiƙun gidan sarautar Breadalbane na Sikotlan da ke ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Edinbura, kwanan wata ya tsayar da ni cak.

Sikotlan ta mayar da farkon shekara 1 ga Janairu tun 1600, Ingila kuwa ta ci gaba da 25 ga Maris har 1752. To ga wasiƙar ɗan Sikotlan da ya rubuto daga Landan, ya sa Fabrairu 1691. Lissafin gida ya bi ko na masauki? In na Ingila ne, Fabrairu 1692 ke nan a lissafin Sikotlan, watan da sojojin gwamnati suka yi wa 'yan dangin MacDonald kisan gilla a Glencoe da ke Sikotlan, ma'anarta ta sauya gaba ɗaya.

Masana, ta yaya kuke tantancewa?