Za a fara yankar albashina saboda harajin jiha, ina mafita?

Baban Yara, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A 2021 da 2022 na yi tuƙin haya ta manhaja, irin aikin da ake ba mutum takardar 1099, ba a cire masa haraji kafin kuɗi su shigo hannunsa. Na tarayya na biya kaɗan-kaɗan har ya ƙare, amma na jihar New York ya taru, da tara da kuɗin ruwa ya haura dala 6,000. Bara Allah ya ba ni aikin albashi a wani ɗakin ajiyar kaya. Ranar Asabar wasiƙa ta iso, an rubuta income execution a samanta, wai za a riƙa cire kuɗi daga albashina. Ni dai babu alƙalin da ya kira ni. Doka ta yarda da haka? Babban tsorona shi ne maganar ta kai wurin aiki a sallame ni. Ga kuɗin haya, ga yara, ga mahaifiyata da nake aika wa duk wata.

Hajiya Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, amma kada ka kwantar da wasiƙar a aljihun tebur. E, doka ta yarda. Mai bin bashin katin banki sai ya je kotu, ita kuwa hukumar haraji takarda take shigarwa, tax warrant, wadda ƙarfinta daidai yake da hukuncin alƙali.

A New York kai ake fara aika wa, ba mai aikinka ba. Kana da kwana 20 ka fara biya da kanka: kashi 10 cikin ɗari na albashinka kafin a cire komai, ko kashi 25 na abin da ya rage bayan cire-ciren da doka ta wajabta, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Idan kana biya a kan kari duk ranar albashi, ba za a tura wa wurin aikinka ba. Shiru ne yake kai takardar can.

Gobe da safe ka kira lambar da ke jikin wasiƙar, takardun albashinka da na haya suna gabanka. Ka tambaya ko za a yi maka yarjejeniyar biya wata-wata. Kafin nan ka tabbatar babu shekarar da ba ka cike takardar haraji ba, domin shi ne abin da za su fara dubawa. Ka kuma nemi lissafin bashin dalla-dalla. Na sha ganin direbobin da ba su cire kuɗin mai da gyaran mota ba, aka ɗora musu abin da ya fi haƙƙinsu.

Malam na Kalifoniya:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Ɗan uwa, ka gode wa Allah kashi 10 ne. Nan wajenmu har kashi 25 ake ɗauka, na gani a kan maƙwabcina. Batun kora kuwa, dokar tarayya ta 1968 ta hana mai aiki ya sallami ma'aikaci don an yanki albashinsa kan bashi guda ɗaya. Idan bashin ya zama biyu daban-daban, wannan kariyar ba ta rufe ka ba.

Baban Yara, Bronx:
Allah ya saka da alheri. Wani abokina cewa ya yi in bar aikin in koma tuƙi, ko in tafi Texas tunda can babu harajin albashi na jiha. Yaya kike gani, Hajiya?

Hajiya Mai Lissafi:
Don Allah kada ka bi wannan shawara. Ƙaura ba ta goge bashin, New York tana da shekara 20 tana binsa, kuɗin ruwa na hauhawa. Idan babu albashi, asusun banki za su nufa, can kuma ba kashi 10 ake tsayawa ba. Kai da kake tunanin komawa tuƙi ka sani, bashin haraji da ya kai dala 10,000 yana iya sa a dakatar da lasisin mota a jihar nan.

Idan da gaske kashi 10 zai hana yara abinci, ka gaya musu haka da takardu a hannu, akwai tsarin offer in compromise na rage bashi ga wanda yake cikin matsi, akwai kuma ofishin kare haƙƙin masu biyan haraji a cikin hukumar, kyauta ne. Duba kwanan watan da ke kan wasiƙar yau ɗin nan ka fara ƙirga.