Hajiyarmu ta ƙi motsa jiki, ni kuma na rasa yadda zan yi

Ummu Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka min da shawara. Wata 4 ke nan Hajiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren hagu. Ni kaɗai ce mace a ɗakinmu, shi ya sa aka kawo ta wurina, alhali gidan Yaya ya fi nawa fili, amma matarsa ta ce karatu take, kuma ba yau ta fara zamewa ba, ko jinyar Baba haka ta yi. Da muna zuwa gashi asibiti, na daina. Ga kuɗin shatar adaidaita, ga ɗaga ta, ga kuka in an miƙe mata hannu. Yanzu kwance take wuni, a baki nake ba ta abinci, yatsun har sun fara dunƙulewa.

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam. Ummu Hanan, ki yi haƙuri da maganata, tausayinki ne ke cutar da ita. Wata 3 zuwa 6 na farko jiki ya fi saurin dawowa, kuma da maimaici ƙwaƙwalwa ke sake koyon aikin. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har masu nakasa su nemi minti 150 na motsa jiki a mako, in ba su iya ba su fara da kaɗan. Ajiye cokalin nan, ai damanta lafiya lau. Ta zauna bakin gado, ta miƙe, ta koma, kina tsaye ta hagunta.

Maman Ikram: Allah ya ba ta lafiya. A gasa da ruwan zafi sosai, a shafa man kaɗanya, a kira mai gyaran targaɗe ya ja hannun. Haka aka yi wa kakarmu.

Abban Sadiq: Kul! Wannan ɓarin sau da yawa ba ya jin zafi daidai, sai ta sale ba ta sani ba. Jan hannu kuma kafaɗar zai gotar. Matashi za a sa a tallafe shi, a riƙa juya ta duk awa 2 saboda gyambon kwanciya.

Anti Bebi: Ni maganar matar Yayan ce ta tsaya min. Ni na yi jinyar uwar mijina har ta koma ga Allah, ko sannu ban samu ba, ranar rabon gado kuwa kowa ya san hanyar gidan.

Ɗan Fagge: Malam Abban Sadiq a sassauta. Akwai babban binciken da ya fito a 2015, ya nuna gaggauta tayar da masu shanyewar ɓarin jiki da yawa bai haifar da ɗa mai ido ba.

Abban Sadiq: Wancan kan awa 24 na farko bayan shanyewar yake magana, ba wata 4 ba. Ummu Hanan, me likitan gashin ya ce a riƙa yi a gida? Tana shan maganin hawan jininta?

Ummu Hanan: Na gode, amma ba ku san Hajiya ba ne. In na ce ta ci da kanta sai ta ce na gaji da ita, ta juya wa bango fuska. Uwa ce fa, ba zan sa ta kuka don minti 150 ba. Sun ba mu wata takarda mai zane-zane, ina jin tana gidan Yaya.

Anti Bebi: To matarsa ta kawo mana, ko shi ma karatun ne ya hana?