Don Allah a warware mini: "ya yi zuciya" yabo ne ko zargi?

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da Hausa a wata sakandare a Tudun Wada, Kaduna, kuma yawancin 'yan ajina ba da Hausa suka tashi a gida ba. Makon jiya wata ɗaliba ta ƙure ni a kan kalmar zuciya.

Na koya musu cewa "ya yi zuciya" na nufin ya yi fushi, kamar yaron da aka yi wa faɗa ya ƙi cin tuwo. Sai ta ce ai ta ji maƙwabciyarsu tana yabon ɗanta, wai ya yi zuciya ya kama sana'a a Kasuwar Barci. Gaskiyarta ne, haka muke faɗa. Ga "yana da zuciya" ma, wani lokaci mai saurin hasala ake nufi, wani lokaci jarumi. Mai mataccen zuciya kuwa kowa ya san rago ne, wannan bai dame ni ba.

Na duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, amma har yanzu na rasa yadda zan bayyana mata abin da ya haɗa fushi da himma. Ni a ganina zafin rai ɗaya ne, inda aka karkata shi ne ya bambanta. Haka ne, ko akwai wata ƙa'ida? Ranar Litinin zan koma ajin.