Yaya zan sa masu ba mu gudummawa su ɗore?

Salama gare ku 'yan'uwa. An ɗora mini ragamar neman gudummawa a wata ƙaramar maɗaba'ar Katolika, muna buga littafin katikisma (na koyar da bangaskiya) da na waƙoƙi da Hausa. Kuɗin takarda ya tashi, ga katikistocin ƙauye, wato masu koyar da addini, suna zuwa da littattafan da suka yage har aka ɗinke da zare, suna roƙon sababbi. Baikon Ranar Sadarwa ta Duniya, Lahadin da ke zuwa kafin bikin Fentikos, sau ɗaya ne a shekara, ba ya isar mu.

Na zaga majami'u, an yi alkawarin bayarwa duk wata, bayan wata 2 sai shiru. Ma'aikatana 3 kuma suna jiran albashi, abin yana hana ni barci. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan aiki, don Allah yaya kuke tunatar da mutane ba tare da sun gaji da ku ba?